Yadda ake shirya aure a Kaduna, daga bincike har zuwa tarewa

Kaduna gari ne na haɗaka. Tun da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, aikin soja da layin dogo da ofisoshin gwamnati, daga baya kuma masaƙun Kakuri, suka yi ta jawo mutane daga ko'ina. Shi ya sa za ka tarar da gida biyu katanga ɗaya a Tudun Wada ko Unguwar Shanu, duka Hausa suke yi da 'ya'yansu, amma ɗaya asalinsu Zazzagawa ne, ɗaya Nufawan Bida ne ko Barebari. Kowane gida yana ɗauka cewa yadda ake biki a wurinsu shi ne "yadda ake yi". Mafi yawan ɓacin ran da ake samu a hidimar aure a garin nan daga wannan zaton yake tasowa: wani ɓangare yana jiran abin da ɗaya ɓangaren bai taɓa jin sunansa ba. Don haka duk abin da ke tafe a nan a kan doka ɗaya yake tafiya, wato a faɗi komai da baki tun da wuri, abin da ya shafi kuɗi da kaya kuma a rubuta.

Bincike

A ƙauye ba a wahalar bincike, kowa ya san kakan kowa. A Kaduna mutum kan yi shekara goma a Rigasa yana haya maƙwabta ba su san garinsu ba. Saboda haka binciken sai ya zama hawa uku: unguwar da yake zaune yanzu, wurin da yake neman abinci, da garinsu na asali. Wanda ya tsaya a na farko kawai bai yi komai ba.

Kada uban yarinya ya je da kansa, ana ganinsa za a gyara zance. A tura mutum biyu da ba su san an tura ɗayan ba, a kwatanta abin da suka kawo. Su kuma kada su tsaya wurin abokan saurayi. Mai shagon layin ya san ko yana biyan bashi, ladanin masallaci ya san ko yana fitowa asuba, mai gidan hayarsa ya san yadda yake idan an taɓa shi. Tambayar "yaron nan mutumin kirki ne?" ba ta haifar da komai sai "ai ba shi da matsala". A tambayi abin da ke da amsa: wace sana'a yake yi kuma a ina, ya taɓa aure, idan ya taɓa me ya raba su, ina 'ya'yan, su wa yake zama da su da daddare. Dangin namiji su ma haka za su yi, kuma mata sun fi iya wannan ɓangaren; gwaggo mai hankali idan ta shiga gida biyu a layin da sunan gaisuwa, za ta dawo da abin da namiji ba zai samu a wata guda ba.

Abu biyu ake mantawa. Na farko shayarwa, musamman a auren zumunci ko tsakanin tsofaffin maƙwabta. A mazhabar Malikiyya ko tsotso ɗaya ne ya shiga cikin jariri a shekaru 2 na farko, haramci ya tabbata, kuma iyaye mata ne kaɗai ke riƙe da wannan labarin, sai an tambaye su kai tsaye. Na biyu, ko an riga an yi wa wani alkawarin yarinyar. Idan an karɓi maganar wani, ba ya halatta a shiga neman sai an warware ta farko an mayar masa da abin da ya kamata.

Idan bazawara ce, a ga takardar saki a lissafa idda: tsarki 3 ga wadda aka saka, wata 4 da kwana 10 ga wadda mijinta ya rasu, mai ciki kuma sai ta haihu.

Gwajin jini kafin manya su shiga

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin gwaji sai an buga kati, liman ya ce a kawo takarda. A lokacin an kai lefe, an biya haya, an ɗinka anko, ba wanda ke da ƙarfin halin cewa a fasa, sai a fara neman wanda zai "gyara" sakamako. Gwaji wurinsa tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga lissafin sikila yadda yake. Gwajin jinotayif haruffa biyu yake ba mutum: AA ba shi da sikila, AS yana ɗauke da ƙwayar gadonta amma ba shi da ciwon, SS shi ne mai ciwon. Idan su biyun AS ne, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. A kula da kalmar "kowane ciki". Ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai zo da ciwon ba. Ana iya samun uku a jere, domin kowane ciki sabon lissafi ne. Idan AS da SS ne suka haɗu, kowane ciki yana da kashi 50 na zuwa da SS. AA da SS kuwa duk 'ya'yan AS za su zama, babu mai sikila. Akwai kuma AC da mutane ke rainawa: idan ya haɗu da AS ana iya haifar SC, shi ma nau'in sikila ne.

Gwajin ma iri-iri ne. Akwai na gaggawa mai nuna ko akwai S a jini ko babu, wanda ba ya bambance AS da SS, ba ya kuma ganin C. Wanda ake so shi ne mai fitar da haruffan jinotayif ɗin gaba ɗaya. A yi shi a wuri biyu daban, ɗaya a babban asibiti irin Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, kowa ya je da wakilin ɗaya ɓangaren, a karɓi sakamako hannu da hannu. Hoton takarda ta WhatsApp ba shaida ba ce. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ya dakata wata 3 zuwa 4, saboda jinin da aka ƙara masa yana iya sa mai SS ya fito kamar AS.

Ƙanjamau ba ya bayyana a gwajin da aka saba yi sai bayan wani lokaci da kamuwa, shi ya sa ake maimaitawa bayan wata 3; a yi ɗaya a farkon magana, ɗaya dab da biki. Ciwon hanta nau'in B ba ya hana aure, amma wanda ba shi da shi sai ya fara allurar rigakafi, guda 3 ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Rukunin jini kuma, idan na mace nagetif ne na miji fozitif, shi ma ba dalilin fasawa ba ne. A dai faɗa wa ma'aikatan awo tun cikin fari, domin akwai allurar anti-D da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, rashin yinta ne ke jawo matsala a cikin da zai biyo baya.

Zuwan manya

Uban saurayi ba ya zuwa nema wa ɗansa aure da kansa, uban yarinya ma ba ya karɓa. Kunya ce da kuma hikima, domin baffa ko kawu na iya faɗin abin da uba ba zai iya ba. Mutum 3 zuwa 5 sun isa. A sanar da zuwansu kwanaki kafin ranar, a kuma tambayi wanda aka wakilta da inda za a same shi, don sau da yawa baffan yana Zariya ko Funtuwa, can za a je.

Bayan gaisuwa babban cikinsu zai ce, "Alhaji, mun zo neman iri ne a gidan nan. Ɗanmu ya ga 'yarku, ya ce ya yaba." Amsar da aka saba ita ce, "Madalla, mun gode da wannan karamci. A ba mu lokaci mu shawarta." Wannan ba ƙi ba ne, kada a matsa.

A zama na biyu ake aikin gaske, a nan ne kuma ake yawan yin sakaci. Sunayen kuɗaɗen aure sun bambanta daga gida zuwa gida: na-gani-ina-so, gaisuwar uwa da uba, dukiyar aure, kuɗin sa rana. Wani gidan duk dunƙule su yake yi a karɓa sau ɗaya, wani gidan kowanne da ranarsa da masu kai shi. Wakilin ango ya tambaya a fili: "A al'adarku me da me ake kawowa, kuma wannan da muka kawo a matsayin me kuka karɓe shi?" An sha ganin dangin ango sun kai kuɗi suna ɗauka har da sadaki a ciki, ranar ɗaurin aure waliyyi ya ce shi gaisuwa ya karɓa. Kayan sa rana ma a tambaya: goro ƙwarya nawa (ƙwarya ɗaya goro 100 ne), alawa da biskit katan nawa, ana haɗawa da gishiri ko tabarma ko ba a yi. Waɗannan kayan rabawa ake yi ga dangi da maƙwabta, shi ne sanarwar cewa an ba da yarinya, don haka yawansu ya danganta da yawan dangin.

A wannan zaman ne kuma ya kamata a ta da maganar da kowa ke kauce wa: za ta ci gaba da karatu, za ta yi aiki, a ina za su zauna, gidan kansu ko cikin gidan iyayensa. Alkawarin da saurayi ya yi a zaure wurin zance, shi da ita kaɗai, iska ce. Wanda baffansa ya amsa a gaban baffanta shi ne ake iya tunatarwa.

Wajen sa rana, a tuna cewa Rajab da Sha'aban, da bayan sallah ƙarama da babba, da watan Disamba, lokutan cunkoson biki ne. Tela da kafinta da mai ɗakin taro duk a cike suke. Wata 3 zuwa 6 tazara ce mai kyau. Abin da ya haura shekara kan gajiyar da kowa, ya buɗe ƙofar tsegumi.

Sadaki da lefe

Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a kusan kowane zauren malami, ta taƙaita abin da aure ke buƙata: waliyyi, sadaki, da shaidu biyu adilai, kuma mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Dinari gram 4.25 ne na zinare, rubu'insa gram 1 da ɗan ɗoriya. Tunda farashin zinare ba ya zama wuri ɗaya, a tambayi masu sayar da shi a makon ɗaurin auren, kada a dogara da adadin da aka ji bara. Sadaki haƙƙin amarya ne, a tambaye ta kafin a zuba shi cikin kayan ɗaki. Ambaton adadinsa a gaban shaidu yana da amfani ko don gaba: idan aka rabu kafin tarewa rabinsa ne nata, idan kuma ta nemi hul'i a kotu, wato ta biya mijin ya sake ta, a kansa alƙali zai fara magana.

Lefe kuwa al'ada ce, amma shi ne ya fi kowane abu cin kuɗi da jawo magana. Turmin atamfa yadi 6 ne, leshi yawanci yadi 5. Abin da ke rusa lissafin ango shi ne ƙananan kaya: kowane zane na fita yana son mayafin da ya dace da shi, da takalmi da jaka, ga kayan shafa, turare, 'yan kunne da sarƙa, kayan ciki, ga kuɗin ɗinki da gidaje da yawa ke sa ran gani a cikin akwati. Turmi 10 masu kyau da aka haɗa da mahaɗinsu sun fi turmi 30 da rabinsu ke zuba a wankin farko. Mata masu karɓar lefe da hannu suke gane atamfa, ba da ƙirga ba. A fara saye kaɗan-kaɗan tun wata 4 kafin biki, a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci, mai sayen da yawa kuma ya kwatanta da Kantin Kwari a Kano, amma ya sa kuɗin mota a lissafi. Takalmi da kayan ciki a karɓi lamba daga amarya ta hannun ƙanwar ango ko yayarsa, a kuma yi sharaɗi da mai shago cewa za a iya canzawa.

Ranar kai lefe a tafi da takarda biyu masu jerin duk abin da ke cikin akwatunan. A buɗe a ƙirga gaban mata biyu daga kowane ɓangare, kowa ya riƙe tasa. Lefe yana kwana a gida ana zuwa kallo, hannu da yawa ke taɓa shi, kuma ɓatan sarƙa ɗaya ya isa a fara zargin juna. Takardar tana da wani amfanin idan aka fasa: fatawar da malaman Malikiyya na baya suka rinjayar ita ce idan daga wajen mace aka janye a mayar da kaya, idan namiji ne ya janye ba shi da abin nema, sai dai in akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa. Tukwicin 'yan kawo lefe kuma a ji ta bakin wata dattijuwa a san abin da aka saba bayarwa, kada a ba da abin da za a tafi ana yi da shi a mota.

Gida da jere

Gida na ango ne, kayan ciki na iyayen amarya, sai dai a tantance iyakar: labule, kafet, fanka, talabijin, firji, wa zai saya? Babu amsa ɗaya a Kaduna.

Wanda ya samu hali ya duba gidan haya da damina, a Agusta ko Satumba bayan an ɗauke ruwa. Gidan da ke kyalli a watan Janairu yana iya zama tafki, musamman a unguwannin da ke gangaren kogin Kaduna. A dubi ƙasan bango ko akwai shatin danshi, a dubi silin, a tambayi maƙwabta inda suke samun ruwa a watan Maris da Afrilu lokacin da rijiyoyi ke ja baya. A binciki mita ko akwai tsohon bashin wuta a kanta. La'adar dillali, wadda sau da yawa kashi 10 cikin 100 ce, ba ta cikin kuɗin haya.

Kafin a ba kafinta aiki a Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu, ko wani wuri, dangin amarya su je da tef su auna ɗaki, da faɗin ƙofa, da kwanar shiga. Gado mai ƙafa 6 da 6 da sif mai ƙofa 4 da madubi ba sa zama a ƙaramin ɗaki, kuma sif ɗin da aka haɗa shi dunƙule ba ya wuce ƙofa mai ƙafa 3. A ce a yi wanda ake kwancewa. Ɗanyen katako yana tsagewa da hunturu, wanda aka matsa daga garin katako kuma yana kumbura idan ya sha danshi, don haka a ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa. Kada a biya kafinta duka a farko, kuma a faɗa masa ranar da ta riga ta gaskiya da mako 2. Tela ma haka. Jere a yi shi kwana 2 ko 3 kafin kai amarya, a canza kwaɗo, a sa wani ya riƙa kwana a gidan, don ɓarayi sun san gidan da aka yi wa jere ba kowa a ciki.

Makon biki

Kamu, sa lalle, yini, walima, liyafar dare: kowane gida ya zaɓi abin da zai iya, a faɗi wanda zai ɗauki nauyin kowanne. Gargaɗi ɗaya game da kwalliya. Baƙin lallen da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi yana ƙona fatar wasu, hannu ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa, kuma ba nan take yake nunawa ba. A gwada ɗigo a bayan kunne ko cikin damtse a jira awa 48. Dilka da halawa ma kada a bar su sai jajibiri.

Ɗaurin aure minti kaɗan ne, amma a manyan masallatai irin na Sultan Bello ana iya ɗaura da yawa a zama ɗaya bayan Juma'a. A kai wa liman cikakken sunan ango da amarya da waliyyi da wakili da adadin sadaki a rubuce tun kafin ranar, musamman idan 'yan gida ɗaya ake aurarwa tare. Waliyyi da wakili su shiga da wuri su zauna a sahun gaba, in ba haka ba jama'a za su tare su a waje. Wakilin ango zai ce, "Ina nema wa ɗana wane auren 'yarku wance a kan sadaki naira kaza, lakadan ba ajalan ba." Waliyyi ya ce ya bayar, ya ɗora masa ci da sha da sutura da wurin kwana, wakili ya ce ya karɓa, a shafa fatiha, a raba goro da alawa. Kuɗin a zo da su a hannu a ƙirge. Wanda zai tura ta banki ya tura tun jiya, a nuna wa shaidu, kada a tsayar da jama'a ana jiran netwok. Bazawara sai an ji yardarta da bakinta, kuma idan tana da ɗa baligi, a Malikiyya shi ne kan gaba a walicci, ko da zai wakilta kakansa ko kawunsa don girmamawa.

A karɓi takardar shaidar aure a ranar, da sa hannun shaidu. Ana neman ta wajen biza da fansho da rabon gado. Masu son ƙarawa da auren rajista su sani ana ba da sanarwar kwana 21 kafin a ɗaura shi, kuma dokarsa ta mace ɗaya ce, ba ta yarda da ƙari ba muddin yana nan.

Mai ƙara aure ya faɗa wa uwargida da bakinsa kafin ta ji a gari, ya kai kayan faɗar kishiya kafin lefe ya fita. Kwana 7 ne na amarya budurwa, 3 na bazawara, daga nan a koma rabon kwana.

Kai amarya a taƙaita motoci, a sa dattijo a ta gaba, a hana samari tsere, balle idan hanyar ta bi ta baifas na Nnamdi Azikiwe inda tireloli da tankoki ke kwana suna wucewa. Idan wajen gari za a kai ta, ko da Zariya ce, a tashi da rana tsaka a isa kafin magariba. Kuɗin sayen baki abokan ango su daidaita da ƙawayen amarya tun da rana ta waya, kada a kai sha biyun dare ana ciniki a ƙofar ɗaki. Gara kuma, shinkafa da taliya da mai da su alkaki, nakiya, dubulan da cincin, a tambayi dangin ango tun farko ko gidan amarya za a sauke ko gidan uwar miji, domin a wasu gidajen ita ce ke buɗewa ta raba wa dangi, ta aika wa amarya da nata kason.